Yadda za ka auna ra'ayin mai kuɗi a kan talaka ba tare da ya sallame ka da "duk ɗaya muke" ba

Tambayar farko da na taɓa rubutawa a wannan aiki ita ce mafi muni a cikin duk waɗanda na rubuta. Cewa na yi: "Kana ɗaukar kanka mai kuɗi, ko matsakaici, ko talaka?" Na ɗauke ta na kai wani gida a Nasarawa GRA a Kano, bayan na shafe kusan awa biyu a kan benci a bakin ɗakin mai gadi. Da aka shigar da ni, mai gidan ya saurare ni har na kai aya, ya yi murmushi ya ce, "Malam, mu dai alhamdu lillahi, akwai rufin asiri." Motoci huɗu na ƙirga a rumfa kafin in kai ƙofar falonsa. Da na fito na tari adaidaita sahu, don neman magana na yi wa direban tambayar nan. Shi ma ya ce, "Alhamdu lillahi, akwai rufin asiri."

Babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Amma amsar da mai mota huɗu da ɗan adaidaita za su ba ka iri ɗaya ba ta auna komai ba. Ga yadda nake tsara aikin tun daga ranar, ga ɗalibi mai rubuta kundin digiri ko ma'aikacin da aka tura tattara bayanai.

Ka yanke wa kanka wane ne mai kuɗin tun kafin ka fita

Kada ka bar wa mutum ya sa kansa a rukuni, kuma kada ka tambaye shi nawa yake samu a wata. Da ka ambaci kuɗin shiga, zuciyarsa ta tafi wajen masu karɓar haraji ko EFCC, hira ta mutu ke nan ko da bakinsa na motsi. Ka nemi alamomin da mutum zai faɗa ba tare da ya ji an leƙa masa aljihu ba: wace makaranta yaransa suke, ina ake kai iyali in ciwo ya yi tsanani, mutum nawa ke karɓar albashi a cikin gidan, sau nawa aka je Umra a shekaru biyar da suka wuce, gidan nasa ne ko haya. Ka rubuta ƙa'idarka a takarda, misali duk wanda ya cika uku daga cikin biyar ya shiga, sannan ka tsaya a kanta. In ba haka ba, za ka tarar kana shigar da wanda ya burge ka kana fitar da wanda ya sa ka jira.

Kuma masu halin ba jinsi ɗaya ba ne. Attajirin Kantin Kwari ko na Dawanau daban, babban ma'aikacin gwamnati mai gida a Maitama daban, ɗan sarauta daban, likita ko lauyan da ya tashi a gidan malamin firamare daban. Ka rubuta wa kowa hanyar da ya samu, da sana'ar mahaifinsa. Wannan ta biyun ita ce tambayar da ta fi kowace yi mini amfani a wajen nazari.

Samun su shi ne rabin wahalar, kuma ba a nan kaɗai ba. Wasu malaman jami'a uku a Amurka, Page da Bartels da Seawright, da suka so jin ra'ayin manyan masu dukiya a yankin Chicago, mutum 83 suka iya samu, kuma da wannan adadin suka wallafa bincikensu a 2013. Saboda haka kada ka yi wa mai duba aikinka alkawarin mutum ɗari biyar. Hanyar da ke aiki ita ce wani ya miƙa ka ga wani. Sai dai ka fara daga ƙofofi da yawa, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta 'yan boko, ɗaya ta gidan sarauta, ɗaya ta mata masu harkar kansu. In ka fara daga Alhaji guda, abokansa kawai za ka auna.

Kalmomin

Hausa ba ta da kalma ɗaya tilo da ta ɗauke batun fifikon da ke tsakanin mutum da mutum a cikin al'umma, kuma alheri ne, don tana tilasta maka ka faɗi abin da kake nufi. Akwai matsayi, akwai daraja, akwai asali, ga kuma "aji" da matasa ke faɗa, wanda ya fi karkata ga iya ado da iya taku. Ita kanta kalmar talaka fuska biyu gare ta. A bakin 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, talaka shi ne wanda ba ya cikin masu sarauta, ko da yana da shanu da rumbuna. A bakin yaron yau, talaka shi ne wanda ba shi da kuɗi. Dattijo ɗan shekara saba'in da jikarsa za su iya amsa maka tambaya ɗaya alhali kowa da abin da ya ji. Ni yanzu nakan kauce wa kalmar a cikin takardar tambayoyi, in siffanta mutumin: mai gadi, ɗan dako, mai wankau, 'yar aiki, malamin firamare.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a wata maƙala ta 1959 cewa darajar namiji a ƙasar Hausa tana bin sana'a, kuma ana bambanta sana'ar gado da ta shigege. Mahauci ko makaɗi yana iya fin malami kuɗi nesa ba kusa ba, amma ba a ajiye su a tabarma ɗaya. Abubuwa sun sauya tun lokacin, sai dai wanda ya tsara tambayoyinsa a kan kuɗi kaɗai zai rasa wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Tsani

Maimakon tambayar da ta kunyata ni, yanzu hoton tsani nake nunawa, mai mataki goma. Nancy Adler da abokan aikinta ne suka yaɗa wannan ma'auni a Amurka wajen shekara ta 2000. Ka ce wa mutum: a saman nan akwai waɗanda suka fi kowa kuɗi da ilimi da aiki mai kyau, a ƙasa akwai waɗanda suka fi kowa rashi, kai ina kake? Ka yi tambayar sau biyu, ɗaya a kan Najeriya gaba ɗaya, ɗaya a kan mutanen da yake hulɗa da su. Sannan ka ƙara ta uku da ta huɗu: ina mahaifinka yake sa'ad da kake yaro, ina direbanka yake?

Kada ka yi mamaki in ka ga mai gidan bene ya ɗora yatsa a mataki na biyar ko na shida. Wani bincike da aka yi a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, aka wallafa a 2013, ya gano cewa masu babban samu suna sauko da kansu zuwa tsakiya, marasa samu kuma suna hawo da kansu, domin kowa da maƙwabtansa yake gwada kansa. Mai mota huɗu yana kallon mai jirgin sama ne. Abin da kake nema shi ne tazarar da ke tsakanin inda alamominka suka ajiye shi da inda ya ajiye kansa, da kuma yawan matakan da ya bari tsakaninsa da direbansa.

Inda maganar take: nisa

In ka tambayi mai hali ko yana ganin talaka daidai da shi, amsar a shirye take, kuma da gaske yake yin ta: duk 'yan Adam ne, likkafani ɗaya, kabari ɗaya. Ba za ka samu wanda zai ce a'a ba. Abin da ke bambanta mutum da mutum shi ne iyakar kusancin da zai yarda da shi. Emory Bogardus ya fito da ma'aunin wannan a Amurka a 1925, don auna yadda ƙabilu ke nesanta juna, ya jera matakai tun daga yarda da auratayya har zuwa korar mutum daga ƙasa. Matakansa ba su dace da mu ba, amma dabararsa ta dace. Ga yadda nake jera nawa, a kan iyalin mai gadi, misali:

Ku tsaya sahu ɗaya a masallaci. Ku ci abinci a kwano ɗaya ranar suna. Ya zauna a kujerar falonka, ba a kan kafet ba. Ɗansa ya zauna aji ɗaya da ɗanka. Ɗansa ya kwana a ɗakin ɗanka. Ɗanka ya auri 'yarsa. Ɗansa ya auri 'yarka.

Na farkon kowa zai wuce shi, kuma da gangan na sa shi, don mutum ya saki jiki. Daga na uku ake fara jin "to, ai ya danganta." Biyun ƙarshe kada ka kuskura ka haɗe su wuri guda. Mutane da dama ba su ga laifin ɗansu ya ɗauko 'yar talaka ba, har ma sukan kira shi taimako, amma su miƙa tasu 'yar gidan da babu janareta, nan ake jin "ƙwarya ta bi ƙwarya." Wata Hajiya da abokiyar aikina ta yi hira da ita ta wuce matakai shida ba ko gargada, da aka zo na bakwai ta yi shiru, ta ce, "'Yata, ba wai ƙyama ba ce, yarinyar ce ba za ta iya ba." A rubuta irin wannan jimla yadda aka faɗe ta. Ta fi lambar da za a sa a gefenta daraja.

Akwai hanyar da ta fi wannan kaifi, ita ce ta gajeren labari. Ka rubuta: "Wani saurayi ya gama digiri, yana aikin banki, albashinsa ya isa riƙe gida, ba ya wasa da salla. Ya zo neman 'yar amininka, aminin ya nemi shawararka." Komai ka bar shi yadda yake, abu ɗaya kawai za ka riƙa sauyawa: a rabin takardun mahaifin saurayin ɗan kasuwa ne, a ɗaya rabin mahauci ne. Ƙuri'a ce za ta raba wa mutane takardun, ba kai ba, kuma kowa labari ɗaya zai gani, bai san akwai wani ba. In amsoshin ɓangarorin biyu suka sha bamban, asali ne ya raba su, tunda kuɗi da ilimi da addinin yaron ba su motsa ba. Ka lura na ce 'yar amininka, ban ce 'yarka ba. Mutum ya fi faɗin gaskiya in shawara yake bayarwa. Kada kwaɗayi ya sa ka yi labarin kala biyar: in mutum sittin gare ka, kowane kala zai tashi da sha biyu, ba abin da za ka iya cewa da su.

Za ka ji ana yabon wata dabara inda ake ba mutum jerin maganganu a ce ya faɗi guda nawa ya yarda da su ba tare da ya nuna waɗanne ba. Tana da kyau, amma ɗaruruwan mutane take buƙata. Da ɗan adadin da za ka samu, ka bar ta.

Me ya sa wani ya samu, wani bai samu ba

Joe Feagin ya kasa dalilan da mutane ke bayarwa game da talauci gida uku a 1972: laifin mutumin da kansa, laifin tsarin ƙasa, da kuma ƙaddara ko rashin sa'a. A nan sai ka yi hattara, domin a wurinmu gida na uku yana haɗiye sauran. In ka rubuta "Arziki da talauci daga Allah suke," kowa zai ce ƙwarai kuwa, kai ma da ka rubuta haka za ka ce. Imani ka auna, ba ra'ayi a kan talaka ba. Sai ka fara da amincewa da shi a cikin tambayar kanta: "Bayan ƙaddarar Allah, wanne ne a cikin waɗannan ya fi jawo...?"

Sannan ka raba tambayar biyu, ka nesanta su. A farkon hira ka tambaye shi sababin samunsa. Can wajen ƙarshe, bayan an yi maganar makaranta da asibiti, ka tambayi sababin rashin wanda bai samu ba. Na sha jin mutum ɗaya ya ce nasa "Allah ne ya ba ni, ba wayona ba," bayan minti ashirin kuma ya ce na wancan "mutuwar zuciya ce, sun saba da maula." Akwai kuma masu juya shi, su ce nasu tashin asuba ne da haƙuri, na wancan kuwa rabo ne bai zo ba. In tambayoyin suna jere, mutum zai ga saɓanin ya gyara. Kai kuwa saɓanin kake nema, ba don ka kama shi ba, don a nan ra'ayin yake zaune.

Ga maganganun da ake amsawa da mataki biyar irin na Rensis Likert na 1932, wato na yarda ƙwarai, na yarda, ina tsakiya, ban yarda ba, sam ban yarda ba, ka tabbata rabinsu sun fuskanci gabas rabi yamma. In ka sa "Yawancin masu bara za su iya aiki in sun so," ka sa kuma "Mutum yana iya yin aiki tuƙuru duk rayuwarsa ya mutu bai tara komai ba." Mai gaggawar sallamarka zai bi su duka da "haka ne," sai ka gane daga takardarsa. Kuma kowace magana ta ɗauki abu guda. "Ya kamata masu hali su ba da zakka da haraji" tambaya biyu ce a riga ɗaya, kuma tsakanin biyun nan akwai rata babba: zakka shi ke fitarwa da hannunsa ga wanda ya zaɓa, haraji kuwa karɓa ake yi. Wanda ke ciyar da unguwa guda a watan azumi yana iya ƙin jinin a ce mai aikinsa yana da haƙƙin hutun mako.

Ka saka tambayoyin sani guda biyu ko uku, waɗanda suke da amsa tabbatacciya. Nawa ne mafi ƙarancin albashi a doka? Naira dubu 70 ne tun 2024. A cikin 'yan Najeriya ɗari, nawa ne ke cikin talauci? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 63 cikin ɗari, mutum miliyan 133, a rahotonta na 2022 mai duba talauci ta fuskoki da yawa. Nawa ake sayar da kwanon masara yau? Wannan ka leƙa kasuwa da safen ranar ka ji da kunnenka. Wanda ya san farashin kwano da wanda rabonsa da sani tun yana saurayi, ra'ayinsu a kan albashin mai gadi ba ya zama ɗaya.

Ranar hira

Kada ka yarda a yi hirar a gaban jama'a. Babban mutum ba ya rasa 'yan zaman fada, kuma in suna nan ba da kai yake magana ba, da su yake. Na taɓa yin wannan kuskuren a ofishin wani ɗan kasuwa: kowace amsa ya bayar sai mutum uku su ce "gaskiya ne, Alhaji," har ɗayansu ya fara amsawa a madadinsa. Takardar nan yaga ta na yi. Yanzu tun a waya nake cewa, "Ranka ya daɗe, minti ashirin nake roƙo, amma mu biyu." Haka nan in mai kawo shayi ya shigo, ka dakata har ya fita. Rachel Sherman, wadda ta yi hira da masu hali hamsin a New York, ta ba da labarin waɗanda ke ɓare takardar farashi daga kayan da suka saya don kada masu aikinsu su gani. Kunyar nan akwai ta a ko'ina, kuma tana sauya amsa.

Tambayoyin aure da na kwano ɗaya, ka miƙa masa wayar ya latsa da kansa. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox tana yin wannan ko babu intanet, kuma ita za ta jefa maka ƙuri'ar labarin saurayin nan. Dattijon da ba ya son latse-latse, ka ba shi takarda da ambulan ya rufe da hannunsa.

Mata su yi hira da mata. Ka rubuta sunan wanda ya yi kowace hira, domin wanda ya je da shadda mai aiki da wanda ya je da yadi ba amsa ɗaya za su kwaso ba, kuma sai ka rubuta za ka iya ganewa daga baya. Ka kauce wa watan azumi da kwanakin fitar da zakka, lokacin kowa zuciyarsa a tausashe take. Ka kauce wa kakar zaɓe, lokacin kowa masoyin talakawa ne.

Kafin duk wannan, ka gwada takardar a kan mutum biyar ko shida, ka ce kowa ya maimaita maka tambayar da kalmominsa. A irin wannan gwaji na gano cewa "matsakaici" wasu tsayi suke ji, wasu shekaru.

Bayan ka dawo

Ka yi wa wasu da ba masu hali ba tambayoyin nan su ma, ko malaman makaranta ne ko masu ƙananan shaguna. In ba ka yi ba, duk abin da ka samu za ka ɗora wa kuɗi, alhali wataƙila malamin firamare ma ba zai ba ɗan mahauci 'yarsa ba. A rahotonka ka ce "waɗanda na yi hira da su," kada ka ce "attajiran Kano," domin waɗanda suka buɗe maka ƙofa ba su ne waɗanda suka hana ka wuce mai gadi ba. Ka rubuta mutum nawa ka nema, nawa suka ƙi.

Ɓoye suna kaɗai bai isa ba. Manyan gari sun san juna, in ka rubuta "wani dillalin hatsi mai shekara sittin da ya yi karatu a Sudan," ka faɗi sunansa ke nan. Ka dunƙule shekaru, ka faɗaɗa sana'a, ka raba lambobin waya da amsoshi. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hau kanka, ban da amanar da ka ɗauka da bakinka.

Saura abu ɗaya da ba a koyarwa a aji. In kun gama, sau da yawa zai sa hannu a aljihu, ko ya kira yaro ya ce a ba Malam na mota. In ka karɓa ka zama yaronsa, kuma haka zai gabatar da kai ga wanda zai tura ka wurinsa. In ka ƙi a lokacin, ka gwale babba a gidansa. Ni tun wajen gabatar da kaina nake toshe ƙofar, in ce, "Alhaji, wurin aikinmu sun hana mu karɓar komai, sai dai ruwa da addu'a." Yawanci dariya suke yi su ce a kawo lemo. Wanda ya nace duk da haka, nakan ce a ba mai gadi, in na fita kuma in rubuta a bayan takardarsa cewa ya nace.